Makarin Kawu da Saiwa ta Biyar

Ranar da aka kawo gawar Kawu daga Kafanchan zuwa ƙauyenmu, nan bayan Godogodo, na zauna a ƙarƙashin kanofi ina kallon yadda kowa ke nasa kukan, don ni nawa ya ƙi fitowa. 'Yan zumuntar mata na majami'a sun zo da tulunansu na kiɗa, suna waƙa suna share hawaye da bakin zane. Matarsa, wadda duk muke kira Mama, tana zaune a tabarma, ba abin da take yi sai tambayar ko an ba baƙi ruwa. Tsofaffin maharba uku da suka rage a yankinmu sun ƙi kujerar roba, suka tsaya can jikin rumbu da sandunansu. Wanda ya fi kowa kuka kuwa tsohon Hedimasta ne, mutumin da ya taɓa yin shekaru ba ya amsa gaisuwar Kawu. Zan zo kan wannan.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Ni ɗan 'yar'uwarsa ne kawai, yana da 'ya'yansa na cikinsa, masu takardu, har da nas. Amma duk wanda ya zo gaisuwa, in ya gama da su ya iso kaina, sai ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce an gode Allah da ya bar musu ni. Ni da na tsaya a aji uku na firamare, ni da an fi sanina a gindin mangwaron mai burukutu fiye da bencin majami'a. Kowa ya faɗa sai in sunkuyar da kai. Na san abin da suke nufi. Suna nufin makari yana hannuna.

Jikokinsa da suka zo daga Kaduna su ne suka fara tambaya, wai mene ne wannan makari da kowa ke ambata, ko sarauta ce. Nan Hedimasta ya share hanci, ya gyara tabarau, ya koma malami. Ya ce kalmar tsohuwar Hausa ce, daga karya ta fito, wato abin da ke karya ƙarfin guba. Akwai wani tsohon Bahaushe mai sayar da kanwa da gishiri a kasuwar Kafanchan, abokin Kawu tun suna samari, ya zo ta'aziyya yana gefe. Ya ce haka ne, amma a wurinsu ba a cewa makari a tsaya, sai a ce makarin me. Akwai makarin dafi, na kibiya da na maciji. Akwai makarin guba, ta abinci. Akwai makarin sammu, wanda ya ce shi bai son a ja maganarsa a gaban Fasto. Ya ce kakansa ya ba shi labarin cewa fatake ba sa shigowa ƙasarmu sai da makari a aljihu, saboda tsoron kibiyoyin kakanninmu. Babban cikin maharban ya jiyo daga jikin rumbu, ya ce ai kakanninmu ma saboda kibiyoyin kakansa suke riƙe da nasu. Aka yi dariya kaɗan, irin ta gidan makoki. Jikokin suka kalli wannan, suka kalli wancan, suka koma kan wayoyinsu. Ni kaina da na fi shekara arba'in ina jin kalmar, sai na ji kamar ranar na fara jin ta.

A yarenmu abin yana da suna, amma ba a faɗinsa a waje. Shi ya sa Kawu yake kiransa da Hausa in akwai mutane. Yakan ce magani daban, makari daban. Magani ana shan sa ne bayan ciwo ya samu kujera ya zauna, makari kuwa tare shi ake yi a hanya. In ka kira abin nasa magani, ba zai yi faɗa ba, zai dai yi kamar bai ji ka ba har sai ka gyara.

A ƙahon barewa yake ajiye shi, an toshe bakin da fata. Gari ne mai duhu, ɗacinsa yana kwana biyu a maƙogwaro. Saiwa biyar ake haɗawa, kuma duk shekara in ruwan fari ya sauka sai a sabunta. Kawu ya gaje shi daga kawunsa, don a gidanmu ta ɗakin uwa yake bi. A da, lokacin da ake fita farauta gayya guda da kibiya mai dafi, dole mai ƙahon ya kasance a baya, saboda kibiya ba ta san ɗan'uwa ba, kuma mutum yakan karce kansa da tasa wajen gudu. Da farauta ta mutu, sai ya zama na sarar maciji ne, musamman a gonakin citta lokacin cire ciyawa.

Yana da dokoki, kuma ban taɓa ganin ya karya ko ɗaya ba. Ba a sayarwa. Ba a hana kowa. Kuma kafin ya ɗora a harshen wani, shi yake fara lasa. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce in ya yi kuskure a daji gara ya fara gani a jikinsa. Na ce to in ya faɗi, wa zai ba mai ciwon. Ya dube ni ya ce shi ya sa yake yawo da ni, ko da yake Allah bai ba shi zaɓi mai yawa ba.

Haka yake da baki. Bai taɓa zagina ba, amma na fi son zagi a kan irin yabon da yake yi mini. In na yi noma rabin kunya na zauna, sai ya ce wa mutane ɗansa mai tausayin ƙasa ne, ba ya son ya ji mata ciwo. Yana cin gwaten acha da yatsa biyu, yana barin na gefen kwano wa kaji. Ba ya zama a bencin gaba a majami'a, wai iskar baya ta fi. In ana addu'a doguwa, sai ka ji ya ce amin a tsakiya, da ƙarfi, don a san cewa shi ya gama.

Faɗansa da Hedimasta ya faro ne a wata shekara da aka yi taron farkawa. Mai wa'azi ya zo daga nesa ya ce kowa ya fito da kayan duhu a ƙone. Hedimasta a lokacin dattijon ikilisiya ne, shi ke riƙe da jerin sunaye. Kawu ya kawo layunsa da gurunsa na farauta, da wata riga mai madubai, ya zuba a wuta da hannunsa, har ya yi waƙa. Aka ce saura ƙahon. Ya ce wannan ba ya ciki. Hedimasta ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta masa wuri uku. Kawu, wanda bai iya karatu ba, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce:

"Malam, layun nan mutum ya rubuta, na ƙone. Saiwar nan wa ya shuka? Ka nuna mini wanda ya shuka ta, in ba Ubangiji ba ne, yanzu zan jefa."

Aka sa shi a horo. Shekara guda ba ya karɓar jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a majami'a. Bai fasa zuwa sujada ba ko sau ɗaya, yana bencinsa na baya, ƙahon yana cikin aljihun rigar Lahadi, kowa na ganin tudunsa. Hedimasta ya daina gaishe shi. In sun haɗu a hanyar rafi, Kawu zai ce ina kwana Malam, ya jira kaɗan, sannan ya amsa wa kansa da muryar Hedimasta cewa lafiya lau. Ni ina bayansa ina riƙe dariya har cikina ya yi ciwo.

Bayan shekaru, kububuwa ta sari Hedimasta a gonar cittarsa da hantsi. Matarsa ta rasa inda za ta nufa, ta tsaya a ƙofar gidanmu ta kasa sallama. Kawu yana cin abinci. Bai tambaye ta komai ba, ya ajiye kwano ya bi ta. Na bi su. Muka same shi a zaune a kan kunya, ƙafa ta fara kumbura. Kawu ya lasa, ya miƙa masa a yatsa. Hedimasta ya kau da kai. Kawu ya ce, "Buɗe baki, Malam. In zunubi ne, a rubuta a sunana, ka san hanyar rubutawa." Ya buɗe. Daga nan Kawu bai ce za ka warke ba, bai taɓa faɗa wa kowa haka ba. Ya ce mu tafi. Muka ɗora shi a keke har bakin titi, muka tare motar da ke ɗaukar citta, sai asibiti a Kafanchan. Ya kwana tara ya dawo da ƙafarsa.

Har yau Hedimasta yana cewa allura ce ta tashe shi. Mutanen ƙauye suna cewa makari ne. Na tambayi Kawu wanne ne, ya ce shi dai ya san mutumin ya fara amsa gaisuwa.

Yanzu sai in faɗi nawa, don ba zan rubuta ta'aziyyar mutumin da bai yi ƙarya ba in cika ta da tawa.

Kawu ya ce zai nuna mini saiwoyin a fita uku. Fita ta farko ya nuna mini biyu. Bayan mako ya nuna mini biyu. Ba zan rubuta sunayensu ba, kada wani ya karanta ya je ya kashe surukarsa ya ce ni ne. Ta biyar ya ce sai ranar Asabar, da sassafe, a bakin rafi. Ya ce ita ba a kwatanta ta da baki, sai an gani an taɓa an sansana, domin tana da 'yar'uwa mai kama da ita sak, kuma 'yar'uwar ce ake sakawa a dafin kibiya. In ka ɗauko wannan a madadin waccan, ka gama da mutum da hannunka.

Ranar Juma'a aka ce mini ana bikin 'yar wani abokina a Manchok, kuma an dafa burukutu randa bakwai. Na ce zan je in dawo da yamma. Na dawo ranar Talata, da takalmi ƙafa ɗaya.

Kawu yana zaune yana gyara ƙotar fartanya. Ya tambaye ni ko giyar ta yi daɗi. Na ce ba laifi. Ya ce madalla. Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba. Na ce a raina baɗi ma shekara ce. Baɗi ta zo, kunya ta hana ni tayar da maganar, ina jira shi ya tayar, shi kuma ina jin yana jirana. Shekara ta bi shekara. Sai gwiwa ta hana shi zuwa rafi, sai ido ya yi hazo, daga ƙarshe ɓarin jiki ya shanye, harshe ya tafi. 'Yarsa nas ta ɗauke shi zuwa gidanta a Kafanchan. Garin da ke cikin ƙahon shi ne na sabuntawarsa ta ƙarshe.

Duk wannan lokacin mutane sun ɗauka na sani, don sun ga ina bin sa daji. Ni kuma ban ce na sani ba, amma ban ce ban sani ba. In na je gindin mangwaro, ni ake fara miƙa wa ƙwarya. Ana ce mini magajin Kawu, ina gyara zama ina yin shiru irin na masu sani. Shirun nan na iya shi sosai, don babu komai a bayansa.

To a al'adarmu, kafin a rufe akwatin mai makari, magajinsa yakan durƙusa ya faɗa masa sunayen saiwoyin a kunne, ɗaya bayan ɗaya, don ya tafi da sanin cewa abin bai faɗi ƙasa ba. Sannan a miƙa wa magajin ƙahon. In babu magaji, ƙahon ya bi mai shi cikin akwati, a rufe, magana ta ƙare. Na san da wannan. Tun da aka ce Kawu ya rasu nake lissafi. In na yi ƙarya na motsa baki sau biyar, zan karɓi ƙahon da girman da ke tare da shi, kuma wata rana za a kawo mini ɗan wani a kumbure, gari ya ƙare, in je rafi in yi caca da ransa. In na faɗi gaskiya, abin da ya bi ɗakin uwayenmu tun kakanninmu suna zaune a kan dutse zai shiga rami saboda randa bakwai a Manchok. Na kasa gane wanne ne ya fi muni. Har aka kira ni ɗaki ban gane ba.

Fasto mutumin kirki ne, ɗan ƙasa. Da ya ga babban maharbi ya shigo da ƙahon a hannu, sai ya tuna cewa lasifika tana buƙatar dubawa, ya fita. Muka rage mu huɗu da Kawu: Mama, maharbin, ni, da nas. Nas ɗin taubashiyata ce, tun muna yara ba mu taɓa yin magana ba tare da tsokana ba. Ta ce in yi sauri kafin warin bakina ya tashe shi. Ban iya ramawa ba, kuma ina jin a nan ta gane halin da nake ciki.

Na durƙusa. An sa masa farar riga da hular da ba ya so. Na kai bakina kunnensa, sanyi kamar dutsen rafi. Na faɗi ta farko. Na faɗi ta biyu, ta uku, ta huɗu. Sai na tsaya. Maharbin kunnensa ya yi nauyi, bakina kawai yake kallo. Da na motsa leɓe sau ɗaya, ko sunan kare na kira, ya wuce. Na buɗe baki in yi hakan, sai na ji na ce, "Kawu, ta biyar ban sani ba. Na je Manchok."

Na miƙe. Maharbin ya tambaya ko ya cika. Na ɗaga masa yatsu huɗu. Ya dube su, ya dube ni, ya sake ƙirgawa da idonsa kamar ko ɗaya ya ɓuya. Bai zage ni ba. Ya ce to, ya matsa zai sa ƙahon a gefen hannun Kawu.

Nas ta riƙe hannun maharbin, ta ce masa ya dakata, akwai saƙo. Ta ce kafin harshen mahaifinta ya tafi ya kira ta da Mama ya bar magana, ya ce kada a faɗa sai an ga abin da zan yi a kunnensa. In na ƙirga biyar, a sa ƙahon a akwati. In na tsaya a huɗu, a ba ni.

Na ce ban gane ba. Ta ce ai ba yau na fara ba. Sannan ta faɗi maganar yadda ya faɗa, har da muryarsa:

"Mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai mai ƙaho ya ce mu tafi. In babu ƙaho, za su tafi wurin masu tsaga ƙafa da reza su kwana uku a can. Ku ba yaron nan. Matsoraci ne, ba zai riƙe mutum a gida ba. Kuma yana da mashin."

Maharbin ya ce wannan ba al'ada ba ce, ba a taɓa ba mai huɗu ba. Mama, wadda tun safe ba ta ce komai ba sai maganar ruwan baƙi, ta ce ita abin da ta sani shi ne ana faɗa wa mamaci gaskiya a kunne, kuma yaron ya faɗa. Yaron, ni ke nan, da furfurata. Ta karɓi ƙahon daga hannun maharbin ta sa a nawa.

A nan kukan ya zo. Na yi shi da ƙarfi har 'yan zumunta suka ƙara kiɗa a waje, suna cewa dubi yadda yake ƙaunar kawunsa. Ni kuwa ban san ko kukan rashi nake yi ba, ko na kunya, ko na haushin cewa mutum yana kwance a akwati ya sake yi mini irin yabon nan nasa. Har yau in na zauna ina juya maganar. Gado ya ba ni ko aike? Ya yafe mini ne, ko ya ɗaure ni? Shekarun nan da ya yi shiru, jira yake in tambaya, ko ya riga ya yanke cewa saiwar ta biyar ta fi zama lafiya a bakin rafi? Na tambayi nas, ta ce in ci gaba da tunani, wai motsa jiki ne ga wanda bai saba ba.

Bayan an binne shi, na je gindin mangwaro na faɗa musu da bakina cewa huɗu na sani. Na ɗauka za a daina ba ni ƙwaryar farko. Wani ya ce haka masu sani suke yi, ba sa yarda sun sani. Aka miƙo mini ƙwarya. Na rasa yadda zan yi da mutanen nan.

Wata biyu bayan haka aka zo kirana. Wata mata ce, maciji ya sare ta a hannu tana cire ciyawa a citta. Mijinta ya ce a kai ta ɗakina. Na buɗe ƙahon, na lasa, ɗacin ya kama ni har ido. Na ɗora mata kaɗan a harshe. Mijin ya tsaya yana jira in ce za ta warke. Na ce mu tafi. Ita a tsakiya, shi a baya yana riƙe da ita, har asibitin Kafanchan, ban taɓa gudu da mashin irin na ranar ba. Ta tashi. Mijin ya kawo mini zakara wai godiyar makari, na ce ba a sayarwa, ya kai wa nas. Nas ta ce allura ce, ta kuma cinye zakaran. Hedimasta ya aiko a gaya mini cewa shi bai ce komai ba.

Na rubuta wannan ne don jikokin da suka tambaya, kada kalmar ta bi Kawu yadda saiwar ta bi shi. Makari shi ne abin da ake tare guba da shi a hanya. Mutumin da ya riƙe namu ya fara lasa kafin ya ba kowa, bai sayar ba, bai hana wanda ya hana shi jibi ba. Ubangiji ya ba shi hutu, ya sa shi a bencin baya inda iska take.

Makon jiya ruwan fari ya sauka, lokacin sabuntawa ke nan. Na ɗauki fartanya na haƙo guda huɗun, na gangara bakin rafi da sassafe, ranar Asabar. Na tsaya na daɗe. Duk ganyen wurin kama da juna suka yi mini, kowanne kamar ita, kowanne kamar 'yar'uwarta. Ban taɓa ko ɗaya ba. Na dawo gida na girgiza ƙahon a kunnena, saura kamar gaɓar yatsa biyu. Na rataye shi, na fita na duba tankin mashin.

Kawu, har yanzu huɗu ne. Amma akwai mai a tankin.